Jiniyar jirgin dare: nisa ne ya sa ta yi daɗi

Duk lokacin da aka tayar da zancen mutanen da ke kwana a bakin layin dogo, wai sun kai kuka jiniyar jirgin ƙasa tana hana su barci, ba a rasa wanda zai taso da murmushi ya ce, "Haba jama'a! Mu da wannan jiniyar aka rene mu. Muna yara, da an kashe fitila muka jiyo ta daga can nesa, shi ke nan sai barci." Kowa ya gyaɗa kai, a rufe maganar, mai ƙorafi ya koma kamar wani marar zuciya.

Wannan amsar tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mai faɗinta bai yi ƙarya ba, abin da ya ji ke nan, kuma mutane da yawa a duniya suna ɗauke da irin wannan kewar. Sai dai shi da mai ƙorafin ba abu ɗaya suka ji ba, ko da kuwa jirgi ɗaya ne ya wuce a dare ɗaya.

Ga inda na tsaya. Begen ƙuruciya ba hujja ba ne da za a toshe bakin wanda jirgi ke tayarwa sau biyar kafin asuba. Haka nan kukansa ba zai sa a ce direba ya daina busa jiniya da dare haka kawai ba, domin an gwada an ga gawa. Wurin da ya kamata a kai rigimar shi ne mahaɗar da titin mota ya ratsa layin dogo, da ƙafafun jirgin, da ƙarfen da suke takawa. Can ne aikin yake.

Abin da yaro ya jiyo yana kwance

Jiniyar jirgin zamani iska ce ake matsawa a tanki, ita ce dai iskar da birkin jirgi yake aiki da ita. Direba ya ja hannu ko ya danna maɓalli, iskar ta bi ta kan wani siririn faifan ƙarfe ta sa shi kaɗawa, ƙahon da ke gabansa ya tattara amon ya fitar. Yawanci ƙahoni uku ne ko biyar a haɗe, kowanne da tsawonsa da muryarsa, shi ya sa take fita kamar amshin mutane da yawa. Muryoyin galibi suna tsakanin kaɗawa 300 zuwa 600 a daƙiƙa, amma a kansu akwai wasu siraran muryoyi masu kaifi da yawa, su ne suke soke kunne idan kana kusa.

Abu na farko da nisa ke yi shi ne rage ƙarfi. Duk sa'ad da tazara ta ninka, ƙara tana sauka da desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Abin da ya kai 110 a mita 30 zai zama 104 a mita 60, ya zama 98 a mita 120, ya zama wajen 80 a kilomita ɗaya. Wannan lissafin fili ne fetal, ba a sa gidaje da tuddai da ƙasa mai laushi ba, su ma kowanne yana cin rabonsa.

Abu na biyu ya fi ban sha'awa. Iska ba ta cin kowace murya daidai. A yanayi mai matsakaicin zafi da danshi, kakkaurar murya mai kaɗawa 250 a daƙiƙa tana asarar wajen desibel 1 ne kacal a kowace kilomita, ita kuwa siririya mai kaɗawa 4,000 tana asarar fiye da 20. A tafiyar kilomita huɗu, kaifin nan ya mutu murus. Abin da ya isa tagar yaro shi ne kakkauran amo mai laushi, an tace shi kamar an zuba a rariya. Wannan ne mutane ke kira "murya mai sa kewa". Iska ce ta yi wannan aiki, ba jirgi ba.

Sai kuma dare da kansa. Da rana ƙasa tana da zafi, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama ɗumi. Sauti ya fi gudu cikin iska mai ɗumi, yana ƙaruwa da kamar mita 0.6 a daƙiƙa kan kowane digiri ɗaya, saboda haka sai ya lanƙwashe ya nufi sama, ya wuce ta kan gidajen nesa. Da dare abin juyawa yake yi. Ƙasa ta huce, iskar ƙasa ta yi sanyi, ta sama ta fi ta ɗumi, sai amon da ya tashi sama ya lanƙwaso ya sauko a wuri mai nisa. An fi samun haka a daren da babu hadari, iska ta kwanta, musamman gab da asuba. Idan kuma akwai 'yar iska tana kaɗowa daga wajen layin zuwa gidan, ita ma tana sunkuyo da amon ƙasa. In ta juya baya, sai a ji shiru kamar an ɗauke layin. Shi ya sa yaro zai ji jirgi rangaɗaɗau yau, gobe ya kasa kunne bai ji komai ba, alhali jirgin ya wuce a kan lokacinsa.

Ga kuma shirun dare: motoci sun ragu, injuna sun mutu, abin da hayaniyar rana ke binnewa ya fito fili.

Har da yadda muryar ke sauka a hankali kamar mai kuka, ita ma da dalilinta. Idan jirgi na tahowa muryarsa tana ɗan hawa, in ya ba da baya ta sauka. Masanin kimiyya Christian Doppler ne ya bayyana wannan a 1842, kuma abin dariya, a kan jirgin ƙasa aka fara gwada shi: a 1845 wani masanin, Buys Ballot, ya ɗora mabusa ƙaho a buɗaɗɗen tarago kusa da Utrecht a ƙasar Holan, ya tsayar da masu kunnen kiɗa a bakin layi suna saurare. A gudun kilomita 90 a awa, bambancin muryar tahowa da ta wucewa yana kai wa kashi 15 cikin ɗari. A zamanin jirgin tururi ma akwai ƙari, domin direba yana iya jan igiyar usur rabi-rabi ya sa muryar ta yi sama ta yi ƙasa, har a gane direba daga salon busarsa.

Sannan ga "tak-tak, tak-tak" ɗin nan da ke biyo bayan jiniya. Tsohon layi guntu-guntu ake haɗa shi, kowane ƙarfe mita 18 a tsarin Birtaniya, mita 12 a na Amurka, a ɗaure da faranti da noti, a bar 'yar kafa tsakani saboda ƙarfe yana miƙewa da zafi. Ƙarfe mai mita 18 yana ƙaruwa da kamar milimita 8 idan zafinsa ya hau da digiri 40. Kowace ƙafar jirgi in ta zo kan kafar nan sai ta buga. A gudun kilomita 60 a awa, bugun yana dawowa kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, a jere, ba ya saɓawa. Abu mai maimaita kansa, mai laushi, mai zuwa a lokacin da aka sani, ga yaro a cikin ɗaki iyayensa na kusa: to me zai hana barci?

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Yanzu a dawo da gadon nan mita 60 daga mahaɗa. A Amurka, dokar jiniya da ta fara aiki a 2005 ta ce kada ƙarar ta gaza desibel 96, kada ta wuce 110, idan aka auna a mita 30 gaban kan jirgi. Direba zai fara busawa daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya isa mahaɗa: doguwa biyu, gajeriya ɗaya, doguwa ɗaya, kuma ya riƙe ta ƙarshen har kan jirgi ya shiga mahaɗar. Jirgin da ke gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 330 zuwa 440 a wannan lokacin. Duk gidan da ke wannan tsakanin, ta kowane ɓangare na mahaɗar, yana cikin ruwan. Idan kuma gari yana da mahaɗa shida a jere cikin kilomita uku, da ƙyar direba zai sauke hannunsa.

A irin wannan gida, ƙarar da ke dukan bango tana iya kusantar desibel 100. Bango mai kyau da rufaffiyar taga su rage 25 zuwa 30. Abin da ya rage a cikin ɗaki ya fi ƙarfin hirar mutum biyu, wadda take wajen 60. In kuwa taga a buɗe take saboda zafi, wajen 15 kawai za a cire.

A kwatanta da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. A jagorarta ta 1999 ta ce ɗakin barci kada ya wuce desibel 30 a matsakaici, kuma ƙarar da ke zuwa farat ɗaya kada ta haura 45. A 2018, cikin jagorar da ta fitar wa yankin Turai, ta sa iyakar ƙarar jirgin ƙasa da dare a 44, ana auna matsakaicin dare a wajen gida. Kuma ma'aunin desibel yana da yaudara: ƙarin 10 kunne yana jinsa kamar ninki biyu, tazarar 40 da 100 kuwa ninki miliyan ce a ƙarfin sauti. Mai kewa yana magana daga 40, mai kuka yana magana daga 100, sai a zaunar da su a ce su fahimci juna.

Za a ce, "Ai ana sabawa." Wani ɓangare gaskiya ne. Mutum yana daina farkawa har ya buɗe ido, yana daina tunawa da safe cewa jirgi ya wuce. Amma gwaje-gwajen barci sun daɗe suna nuna cewa jiki ba ya gama sabawa: bugun zuciya yana tashi a kowace wucewa, barci mai nauyi ya koma mara nauyi, mai shi bai sani ba. Sai ya wayi gari a gajiye yana zargin katifa.

Tunda kuma da yara aka kafa hujja, a tsaya kan yaran. A 1975 wata mai bincike, Arline Bronzaft, da abokin aikinta sun duba wata makarantar firamare a birnin Niyok wadda layin dogon da aka ɗaga a saman titi ya bi ta gefenta. Yaran azuzuwan da ke fuskantar layin sun kasance a baya wajen karatu idan aka gwada su da na ɗaya gefen, 'yan aji shida da kusan shekara guda. Makaranta ɗaya, unguwa ɗaya. Da aka sa roba a ƙarƙashin layin, aka liƙa abin shan ƙara a silin azuzuwan, aka sake aunawa bayan 'yan shekaru, sai tazarar ta ɓace. Wannan ƙarar rana ce, ba ta dare ba, amma ta nuna abu biyu: yara ma suna biyan kuɗin ƙara, kuma gyaran ba gagara-badau ba ne.

"To a hana busawa da dare mana"

Nan ne nake rabuwa da masu ƙorafin, ko aƙalla da masu gaggawa daga cikinsu.

Jirgi ba ya kaucewa, kuma ba ya tsayawa da wuri. Ƙafar ƙarfe ce a kan layin ƙarfe, inda suke haɗuwa bai fi faɗin ƙaramin kwabo ba. Wannan ne ya sa jirgi ke jan dubban tan da ɗan mai kaɗan, shi ne kuma ya sa birkinsa ba shi da abin kamawa sosai. Dogon jirgin kaya da ke gudun kilomita 90 a awa yana iya cin kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya cak, bayan an ja birkin gaggawa. Lokacin da direba zai hango mota a kan layi, lissafi ya riga ya ƙare. Abin da ya rage a hannunsa shi ne jiniya.

Ido kuma yana cin amanar mutum a mahaɗa. Babban abu da ke tahowa kai-tsaye yana bayyana kamar a hankali yake tafiya, da dare kuwa fitila kawai ake gani, babu abin da za a auna nisanta da shi. Ga direban mota ya rufe gilashi, ya kunna sanyi da rediyo. Ƙarar da ake ganin ta yi yawa a ɗakin barci, an ƙayyade ta ne don ta huda wannan motar.

An taɓa gwada hanin. A 1984 jihar Fulorida ta Amurka ta ba garuruwan da ke kan layin gabar gabashinta damar hana busa jiniya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, a mahaɗun da ke da fitilu da sandar geti. Kowa zai ce ai da geti, me ya rage? Da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ta bi kadin abin, sai ta tarar haɗarin dare a waɗannan mahaɗun ya kusa ninka uku. A 1991 ta ba da umarnin gaggawa a koma busawa, haɗarin ya sauko. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Dalilin yana da sauƙin ganewa. Getin da aka saba sanda biyu ne, kowacce tana tare hannun masu shigowa kawai. Mai gaggawa da tsakar dare, ba kowa a titi, sai ya karkata ya bi ta ɗaya hannun ya zagaye sandar. Jiniya ce take tsayar da shi a daƙiƙar ƙarshe.

Birtaniya ma ta taɓa nata. A 2007 ta sa lokacin shiru daga 11 na dare zuwa 7 na safe, inda direba ba ya busawa a allunan da ke gaban mashigan masu tafiya a ƙafa sai in ya ga haɗari. A ƙarshen 2016 sai ta matse lokacin ya koma 12 na dare zuwa 6 na safe, domin an gane mutane suna tsallaka layi a waɗancan awoyin fiye da yadda aka zata.

Yadda ake sayen shiru

Shiru yana samuwa, amma saye ake yi, kuma a mahaɗa ake biya. Tsarin Amurka na "yankin shiru", wato yankin da ake ɗauke wa direba busa jiniya a mahaɗa, ya fi kowanne fayyace matakan, ko da ƙasa ba za ta kwafe shi baki ɗaya ba.

Da farko yankin ya kai aƙalla mita 800 a tsawo, don kada direba ya riƙa kunnawa da kashewa. Kowace mahaɗar jama'a da ke ciki ta kasance da fitilu masu walƙiya da geti mai aiki da kansa. Fitilun su kama aƙalla daƙiƙa 20 kafin jirgi ya iso, sandar ta gama sauka aƙalla daƙiƙa 5 kafin isowarsa. Sannan na'urar ta iya auna gudun jirgi, ta yadda lokacin jira zai zama kusan ɗaya ga mai sauri da mai jan ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Getin da ke rufewa minti huɗu kafin jirgin kaya mai tafiyar hawainiya ya iso, shi ne yake koya wa mutane zagaye sanda.

Bayan haka sai a toshe hanyar zagayen. Ko dai a sa sanda huɗu, biyu na shiga biyu na fita, ko a gina dandamalin kankare a tsakiyar titi mai tsawon mita 30 daga geti, wanda mota ba za ta iya hawa ba. Sanda huɗu tana da nata tarkon: in sandunan fita suka sauka tare da na shiga, mota tana iya maƙalewa a tsakiya. Don haka ake jinkirta na fita, ko a binne na'urar gano mota a ƙarƙashin kwalta, ta riƙe sandar a sama har motar ta fice. Dandamali ya fi arha, amma ba ya aiki idan akwai ƙofar gida ko wani ƙaramin titi da ya shigo dab da layin. Wani lokaci mafita mafi kyau ita ce a rufe mahaɗa biyu daga cikin shida, a tura motocinsu ga sauran da aka gyara. Ba wanda ke son a rufe tasa, nan ne siyasa take shigowa.

Akwai kuma tsaka-tsaki: a kafa jiniyar a kan turke a mahaɗar kanta, bakinta yana kallon titin da motoci ke tahowa. Jirgi ya taho ta yi kuka, wata fitila ta nuna wa direban jirgi cewa ta yi, sai ya bar tasa. Gidajen da ke dab da turken ba su tsira ba, amma ɗaruruwan mitocin da jirgi ke ratsawa yana busa sun huta.

Ko a yankin shiru, direba yana da ikon busawa in ya ga mutum ko dabba ko ma'aikata a kan layi. Duk dokar da za ta ƙwace masa wannan, ba ni cikinta.

Ga abin da ke lalata duka tsarin: rashin kula. Batirin geti ya mutu, ruwan sama ya jiƙa tsakuwar layi na'ura ta riƙa ganin jirgin da babu, mota ta karya sanda a bar ta wata guda. Geti ya yi ƙarya sau uku, ba mai sake yarda da shi. Duk inda ba a da tabbacin mai zuwa gyara cikin awoyi, to a bar jiniya ta ci gaba da aikinta, komai zafin kukan maƙwabta.

Ba jiniya kaɗai ke tayar da mutane ba

Da yawa daga cikin masu kuka, in aka zauna da su aka bi daren dalla-dalla, za a tarar jiniyar daƙiƙa 20 ce, amma rugugin taragai minti uku ne. Wannan kuwa ana rage shi ba tare da an taɓa lafiyar kowa ba.

Mafi yawan rugugin daga kaushin ƙafa da layi yake fitowa. Tsohon birkin taragon kaya dunƙulen baƙin ƙarfe ne da ke matse fuskar ƙafa, kuma duk matsewa yana barin kaushi. In aka canza shi da dunƙulen haɗin roba da wasu sinadarai, fuskar ƙafar tana zama sumul, ƙarar ta sauka da desibel 8 zuwa 10, wato kusan rabi a kunne. Suwizalan da Jamus sun hana taragai masu tsohon birkin bin layukansu daga 2020. Sharaɗinsa ɗaya: sai an canza kusan duka taragan, domin 'yan kaɗan masu kaushi a cikin jerin sun isa su mayar da hannun agogo baya.

Akwai ƙafar da birki ya riƙe ta ja a kan layi har gefe ɗaya ya shafe. Ita ce mai "dum-dum-dum" kamar ana daka, kuma tana farfasa layin ma. Maganinta a cire a kai injin sassaƙa ya mayar da ita da'ira. Layin da samansa ya yi ƙunya-ƙunya, wani jirgi mai injin gugar ƙarfe ne ke bi ya goge shi. Ƙugin da ake ji a kwana mai tsanani kuwa, ƙafa ce take goga a gicciye, ana rage shi da na'urar da ke ɗiga man shafawa a gefen layi. Nan ma da hattara: giris ya hau saman layi inda bai kamata ba, birki ya rasa kamu.

Katangar tare ƙara tana aiki in ta cika sharuɗɗa: ta yi nauyi, babu kafa ko rami a jikinta, ta tare layin gani tsakanin ƙafafun jirgi da taga, kuma ta matso kusa da layi. Haka za ta ba da desibel 5 zuwa 15. Amma jiniya a saman kan jirgi take, mita huɗu ko fiye daga ƙasa, sau da yawa ta kan katangar take wucewa. Jerin bishiyoyi guda ɗaya kuwa ido kawai yake rufewa. A dasa su don inuwa, kada a yi wa mutane alkawarin barci da su.

"Ai jirgi ya riga su zuwa"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu cewa a ƙyale abin yadda yake, kuma ba zan yi kamar ba ta da nauyi ba. Wanda ya ga layi da idonsa, ya sayi fili a gindinsa don ya fi arha, sannan ya dawo yana neman a kashe jiniya, akwai alamar son kai a lamarinsa.

Sai dai ba shi ya ba kansa izinin gini ba. Hukumar da ta yanka filaye har bakin tsakuwar layi, ta buɗe sababbin tituna suka ratsa shi, ita ta haifi mahaɗun da ake busa dominsu. Galibin masu kwana a wurin kuma ba masu zaɓi ba ne, 'yan haya ne da ƙarfinsu ya kai nan ya tsaya, da 'ya'yansu da ba a yi shawara da su ba. Layin da ke ɗaukar jirgi biyu a rana lokacin da aka yi ginin, yau yana iya ɗaukar ashirin, rabinsu na kaya, kuma na kaya da dare aka fi sakinsu don a bar wa na fasinja rana. Wanda ya yarda da biyu bai sa hannu kan ashirin ba.

Abin da hujjar ta tabbatar shi ne a daina ƙara sababbin gidaje a wurin. A bar tazara, a sa rumbunan ajiya da garejoji da filin wasa a sahun farko, gidajen kwana su koma baya, ɗakunan barci su ba layi baya. Wannan a kan takarda ake yinsa kafin a haƙa tushe, kuma kusan kyauta ne in aka gwada da geti mai sanda huɗu.

Sai tambayar da masu kewa ke yi a ƙarshe, da ɗan raunin murya: in aka yi duk wannan, yaran gobe me za su ji? Rabin abin da suke kewa ai ya riga ya tafi ba tare da kowa ya yi zanga-zanga ba. Manyan layuka yanzu walda ake yi musu su zama ƙarfe ɗaya mai tsawon kilomitoci, a ja shi a ɗaure da ƙarfi a kan kankare yadda zafi ba zai tanƙwara shi ba, kuma da gaɓoɓin suka tafi, "tak-tak" ta bi su. Usur ɗin tururi ya koma gidan tarihi. Jiniya kuwa tana nan: mahaɗun bayan gari da na karkara, inda babu geti kuma babu gidaje a kusa, za a ci gaba da busa musu doguwa biyu, gajeriya ɗaya, doguwa ɗaya. A daren da sama ta washe, iska ta kwanta, amon zai tashi ya lanƙwaso ya sauka a tagar da ke kilomita huɗu daga wurin, kaifinsa ya zube a hanya.